Dutsen Ashaka da Tekun da Ya Taɓa Ratsa Ƙasar Gombe: Nazarin Shimfiɗu da Burbushin Halittun Cikinsu

Garin Ashaka yana cikin ƙaramar hukumar Funakaye a jihar Gombe, kusa da Bajoga, ba nisa da kogin Gongola, kuma siminti ne ya sa mafi yawan mutane suka san sunansa, domin tun shekarar 1979 masana'antar da ke wurin take ƙona dutse tana cika buhuna. Masana ilimin duwatsu kuwa ta wata fuska daban suka san shi. Ramin da ake haƙo dutsen farar ƙasa a cikinsa ya tsaga ƙasa ya nuna cikinta, ya fito da shimfiɗun da suka kwanta a ƙarƙashin teku kimanin shekara miliyan 94 da suka wuce, cike da bawon halittun ruwan gishiri, a wurin da yau yake da nisan sama da kilomita 600 daga gaɓar teku mafi kusa. Tambayar da wannan nazari ya tsaya a kanta ita ce yadda aka gane shekarun waɗannan shimfiɗu ta hanyar halittun da ke cikinsu, da dalilin da ya sa aikin ya ɗauki kusan shekara tamanin ana gyara shi, alhali halittun suna da yawa har mutum yana iya taka su da ƙafa.

Zamanin da masana ke kira Mesozoyik ya faro ne kimanin shekara miliyan 252 da suka wuce, ya ƙare a miliyan 66, kuma kashinsa na ƙarshe, wato Kiritashiyos, shi ne ya shafi Ashaka. A farkon wannan kashi nahiyar Amurka ta Kudu tana ɓallewa daga Afirka, kuma ƙarfin jan da ya raba su bai tsaya a bakin teku ba, ya tsaga ƙasa zuwa ciki ya buɗe wani dogon kwari da ya taso daga yankin da kogin Neja ke shiga teku a yau, ya nufi arewa maso gabas har kusa da tafkin Chadi. Shi ne ake kira Kwarin Binuwai. A can sama kwarin ya rabu gida biyu: reshe ɗaya ya yi gabas ta wajen Yola ya shiga Kamaru, ɗayan ya yi arewa ya bi Gongola, kuma a cikin wannan reshe na biyu Ashaka yake. Kwari irin wannan ƙasansa yana nutsewa a hankali shekara da shekaru, don haka duk abin da ruwa ya kwaso ya zuba a cikinsa yana samun wurin zama, sabo ya hau kan tsoho. Ƙa'idar da Nicolas Steno ya rubuta tun 1669, cewa shimfiɗar ƙasa ta girmi ta sama muddin ba a birkita su ba, ita ce tushen duk karatun da za a yi a nan.

Jerin shimfiɗun reshen Gongola yana ba da labarinsa a tsare. A can ƙasa akwai dutsen yashin Bima, wanda ya samo suna daga dutsen Bima da ke wajen Dadin Kowa, kuma koguna ne suka tara shi a lokacin da babu teku a yankin. Kaurinsa a wasu wurare ya haura mita dubu nesa ba kusa ba. A kansa akwai shimfiɗun Yolde, inda yashi da laka suke musayar wuri, alamar cewa ruwan gishiri ya fara lasar bakin kwarin yana ja da baya yana dawowa. Daga nan sai teku ta shigo sosai ta kwantar da dutsen farar ƙasa da daskararriyar laka, waɗanda su ne abin nazarinmu. Sama da su akwai baƙar lakar Fika, sai dutsen yashin Gombe mai ɗauke da kwal, wanda ke nuna tekun ta janye ta bar fadamu da bakin koguna, sannan shimfiɗun Kerri-Kerri da suka zo bayan Mesozoyik ya ƙare suka rufe komai. Wani abu da ke jan hankalina shi ne kwal ɗin Maiganga da ke ƙaramar hukumar Akko, wanda aka riƙa kaiwa Ashaka don ƙona dutse, daga cikin shimfiɗun Gombe yake fitowa, wato itatuwan fadamar da ta gaji tekun su ne makamashin ƙona abin da tekun ta bari.

Sunan shimfiɗun Ashaka kansa bai tsira daga saɓani ba. Carter da Barber da Tait, a rahotonsu na 1963 da Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya ta buga, sun raba duwatsun tekun wannan yanki zuwa na Gongila a arewa da na Pindiga a kudu. Daga baya, a 1997, Zaborski da abokan aikinsa suka ga ya fi dacewa a haɗa su ƙarƙashin sunan Pindiga, a kira kashin ƙasa mai dutsen farar ƙasa da sunan Kanawa. Har yau ɗalibi yana iya cin karo da sunayen biyu a takardu daban-daban, kuma ya kamata ya san cewa dutse ɗaya ake nufi.

Wanda ya tsaya a bakin ramin ya dubi bangonsa zai ga abu biyu a fili. A ƙasa akwai dutse mai haske, tsakanin toka-toka da ruwan ƙasa, mai tauri, a jere hawa-hawa, kuma shi ne abin da ake nema don siminti. A kansa akwai laka mai duhu da ta daskare ta zama falle-falle, tana ɓarewa kamar busasshen ganye idan rana ta doke ta, kuma a tsakaninta siraran shimfiɗun dutsen farar ƙasa suna ratsawa kamar zare a jikin saƙi. Idan aka ɗiga ruwan asid mai rauni a kan dutsen mai haske sai ya yi kumfa nan take, domin sinadarin da ya gina shi, wato kalsiyam kabonet, shi ne dai sinadarin da ke cikin bawon katantanwa da ɓawon ƙwai. Lakar kuwa ba ta cika amsawa ba. Wannan bambanci yana da ma'ana. Dutsen farar ƙasa yana taruwa ne a ruwa mai ɗumi, marar zurfi, mai tsabta, inda halittu masu bawo suke yawaita kuma koguna ba sa zubo ɗatti da yawa. Laka mai duhu kuwa tana kwanciya ne a ruwan da ba ya motsi sosai, ko dai don ya ƙara zurfi ko don koguna sun ƙaru da kawo ƙura da tabo, kuma sau da yawa iskar shaƙa tana ƙaranci a ƙasansa. Saboda haka kowane layi da ke raba fari da baƙi a bangon ramin shaida ce ta wani sauyi da ya auku a tekun.

Halittun da ke cikin dutsen iri-iri ne. Akwai kawa mai kaurin bawo, wani lokaci a cunkushe har ta zama ita ce shimfiɗar kanta, akwai dangin dodon koɗi na teku, akwai bushiyar teku mai siffar zuciya wadda ke binne kanta a cikin tabo, akwai kuma ramukan da ƙananan halittu irin su jatan lande suka haƙa suka bari, waɗanda tabo ya cika suka daskare suka zama kamar rassan itace a cikin dutse. Idan aka wanke lakar aka tace ta aka duba da madubin ƙara girma, sai a ga ƙananan bawo da ba su kai ƙwayar gero ba, na halittun da ake kira foraminifera da ostirakod. Amma abin da ya ɗaukaka sunan Ashaka a wajen masana shi ne amonait.

Amonait halitta ce ta teku, dangin dabbar tekun nan mai hannuwa takwas da Turawa ke kira octopus, wadda ta rayu a cikin bawo mai naɗi kamar ƙahon rago, kuma daga nan ne ma sunan ya samo asali, domin tsoffin Misirawa suna zana abin bautarsu Amun da ƙahon rago. Cikin bawon a rarrabe yake ɗaki-ɗaki, dabbar tana zaune a ɗakin ƙarshe mafi girma, sauran ɗakunan kuma tana daidaita ruwa da iskar da ke cikinsu ta wani siririn bututu domin ta yi sama ko ta yi ƙasa a cikin ruwa. Abin da mutum zai tsinta a Ashaka galibi ba bawon ba ne. Bawon amonait na wani nau'in kalsiyam kabonet ne mai saurin narkewa, don haka ya tafi tuntuni, sai tabon da ya cika cikinsa ya daskare ya riƙe siffar, kamar yadda tubali ke riƙe siffar akwatin da aka buga shi a ciki. Bawon kawa kuwa na nau'i mai juriya ne, shi ya sa ake samunsa da jikinsa. Idan aka ɗauki amonait ɗaya aka share ƙurar da ke kansa aka ɗan jiƙa shi, za a ga wasu layuka masu lanƙwasa suna zagaya shi, kamar aikin surfani a wuyan babbar riga. Waɗannan layuka su ne inda bangon kowane ɗaki ya haɗu da bawon waje, kuma tsarinsu yana cikin manyan abubuwan da masana ke bi don bambance wani jinsi daga wani.

Amfanin amonait wajen auna zamani ya zo ne daga halaye biyu. Jinsunansa suna sauyawa da sauri, ta yadda wani jinsi ba ya daɗewa kafin wani ya maye gurbinsa, sannan suna yawo a cikin ruwa suna bazuwa nesa, don haka jinsi ɗaya yana iya bayyana a nahiyoyi biyu a lokaci guda. Idan aka sami jinsi ɗaya a shimfiɗar Gombe da ta Tunisiya, to akwai hujja mai ƙarfi cewa sa'o'in juna ne.

Binciken yankin ya faro ne da zuwan Turawan mulkin mallaka. A ɓangaren Faransa, René Chudeau ya bayyana amonait na ƙasar Damargu, arewa da Damagaram, a shekarar 1909, kuma daga cikinsu akwai jinsuna biyu da za su zama ginshiƙai a Ashaka, waɗanda ake kira gadeni da cauvini. A ɓangaren Ingila, J. D. Falconer ya zagaya Arewacin Najeriya yana binciken ma'adinai, littafinsa ya fito a 1911, kuma a cikinsa Henry Woods na Jami'ar Kambirij ya bayyana halittun da aka tsinto a yankin Gongola, ya raɗa musu sunaye irin su nigeriensis da gongilensis. A 1943 Schneegans ya kafa sunan Nigericeras bisa samfuran ƙasar Nijar. A 1954 Richard Reyment ya ƙirƙiro sunayen Gombeoceras da Bauchioceras, wato ƙahon Gombe da ƙahon Bauchi, sannan a 1957 Barber ya fitar da cikakken nazari a kan amonait na arewa maso gabashin Najeriya, inda ya ɗauke su duka a matsayin na farkon zangon Turoniyan. Wannan hukunci na Barber ya zauna shekaru da dama ana maimaita shi.

A nan ya kamata a fayyace zanguna biyu na zamanin Kiritashiyos da maganar ta shafa, wato Senomaniyan da Turoniyan da ya biyo bayansa. Masanin Faransa Alcide d'Orbigny ne ya raɗa sunayensu a tsakiyar ƙarni na 19, Senomaniyan daga tsohon sunan birnin Le Mans, Turoniyan daga yankin birnin Tours. Na farko ya faro kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce, kuma iyakar da ke tsakaninsa da na biyu tana kan miliyan 93.9. Wannan iyaka ba ƙaramar aba ba ce a tarihin duniya. A daidai lokacin ruwan teku ya hau har ya kusa kai matsayi mafi tsawo da aka sani a duk Mesozoyik, duniya ta yi zafi ƙwarai, kuma iskar shaƙa ta ƙare a ƙasan tekuna da yawa har baƙar laka mai cike da ragowar halittu ta kwanta a wurare masu nisa da juna, irin shimfiɗar Bonarelli da ke kusa da Gubbio a Italiya. Saboda haka sanin ko wata shimfiɗa ta Ashaka tana ƙasa da wannan iyaka ko sama da ita shi ne sanin ko halittun cikinta sun rayu kafin wannan ƙunci ne, ko a cikinsa, ko bayansa.

Matsala ta farko da ta hana a yanke hukunci da wuri ita ce yawan sauyin siffa a cikin jinsi ɗaya. Mafi yawan amonait na Ashaka 'yan gidan Vascoceras ne, sunan da Paul Choffat ya raɗa a Fotugal a 1898 don tunawa da matuƙin jirgin ruwa Vasco da Gama. A shimfiɗa ɗaya mutum zai iya tsintar wani mai faɗi sirit kamar faifai, da wani mai kumburi zagaye kamar duma, da wani mai ƙurajen ƙaya a gefen cibiya, da wani sumul babu komai a jikinsa. Masanan farko, waɗanda sau da yawa ke aiki da 'yan samfuran da aka tsinto a kan tudu bayan ruwan sama ya wanke su daga shimfiɗarsu, sun ba kowace siffa sunanta, sunaye suka yi yawa. Ba laifinsu ba ne, domin mai samfuri biyar ba shi da hanyar sanin abin da ke tsakaninsu. Sai da aka buɗe ramin Ashaka, aka sami damar tara ɗaruruwa daga shimfiɗa ɗaya a jera su a kan tebur, sannan aka ga cewa daga mai faɗin zuwa mai kumburin babu inda layin ya yanke, siffa tana zarcewa cikin siffa a hankali. Wannan ya tilasta a haɗe sunaye da yawa. Gombeoceras ya koma ƙarƙashin Thomasites, sunan da aka riga aka kafa a Tunisiya tun 1907, Bauchioceras kuma ya koma ƙarƙashin Pseudotissotia. Mutumin Gombe ko Bauchi yana iya jin babu daɗi cewa sunan garinsa ya faɗi daga littafi, amma abin da faɗuwar ta nuna ya fi sunan muhimmanci, domin ta tabbatar da cewa halittun Gongola da na Arewacin Afirka gida ɗaya ne.

Matsala ta biyu ta fi ta farko wuya. Jinsunan da masanan Turai da Amurka suka gina ma'aunin zamani a kansu mazauna buɗaɗɗiyar teku ne, kuma ba su cika shiga siririyar teku marar zurfi irin ta Gongola ba. Iyakar Senomaniyan da Turoniyan a hukumance an kafa ta ne a shekarar 2003 a wani wuri kusa da birnin Pueblo na jihar Kolorado a Amurka, a daidai shimfiɗar da amonait mai suna Watinoceras devonense ya fara bayyana, kuma tokar aman wuta da ke tsakanin shimfiɗun can ita ce ta ba da damar auna shekarun da lissafin sinadarai. A Ashaka kuwa 'yan gida ne suka cika wuri, wato Vascoceras da danginsa, waɗanda suka yawaita har suka rinjayi kowa. Yawansu yana da amfani wajen kwatanta Ashaka da Pindiga ko Damargu, amma ba ya isa wajen kwatanta ta da Kolorado. Abin da ake bukata shi ne baƙi, wato 'yan tsirarun jinsunan da suka shigo daga babbar teku suka mutu a nan, kuma samun su yana bukatar haƙuri da bin shimfiɗa ɗaya bayan ɗaya.

Wannan aiki shi ne aka yi daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa tsakiyar 1990. Christian Meister ya fitar da nazarinsa a kan amonait na Ashaka a 1989, Philippe Courville ya biyo da nasa a 1992, Peter Zaborski kuma ya fitar da jerin nazarce-nazarce a kan Pseudaspidoceras da Vascoceras na arewa maso gabashin Najeriya. Kowannensu ya auna bangon ramin ya lakaba wa shimfiɗu alamomi, ya rubuta abin da ya samu a kowace. Jerin da ya fito daga aikinsu, a dunƙule, ya fara da Nigericeras gadeni a ƙasa, sai Vascoceras cauvini, sai matakin da Vascoceras masu kumburi da Thomasites gongilensis suka yawaita, sai Pseudotissotia nigeriensis, sannan Wrightoceras a sama. Baƙin da aka samu a tsakani, musamman jinsunan Pseudaspidoceras da aka sani a kudu maso yammacin Amurka, su ne suka nuna cewa kashin ƙasa na jerin na ƙarshen Senomaniyan ne, ba Turoniyan ba kamar yadda Barber ya ɗauka, kuma iyakar tana cikin ramin ne, a wani wuri sama da shimfiɗun cauvini. Masanan uku ba su dace a kan ainihin shimfiɗar da za a ɗora yatsa a ce nan ne ba, haka kuma sun bambanta a kan yawan jinsunan da ya kamata a amince da su. A ganina wannan saɓani bai rage darajar aikin ba, domin tazarar da ake jayayya a kanta ta ragu daga zango guda cur zuwa 'yan shimfiɗu.

Akwai dalili na zahiri da ya sa saɓanin ya ƙi ƙarewa, kuma yana cikin dutsen kansa. Shimfiɗu ba sa taruwa da gudu ɗaya. Wani lokaci tabo yana zuba da yawa cikin ɗan lokaci, wani lokaci kuma ƙasan teku yana zama shekaru dubbai babu abin da ya sauka a kansa sai bawon matattu, har halittun zamuna daban-daban su haɗu a cikin shimfiɗar da ba ta fi tafin hannu kauri ba. Irin wannan shimfiɗa akan gane ta da koren ƙwayoyin ma'adinin gulokonait, da fosfet, da saman dutse da halittu suka huda. Wani lokaci ma igiyar ruwa tana kankare abin da ya riga ya kwanta, ta bar giɓi. Idan iyakar da ake nema ta faɗa cikin irin wannan matsattsiyar shimfiɗa ko cikin giɓi, to amonait kaɗai ba zai warware ta ba. Shi ya sa a wasu ƙasashe ake haɗawa da awon nau'o'in sinadarin kabon da ke cikin dutse, domin ƙuncin iskar shaƙa na wancan lokaci ya bar alama iri ɗaya a duwatsun duniya, alamar da ba ta dogara ga wace halitta ce ta shigo ko ba ta shigo ba.

Abin da Ashaka ya tabbatar game da taswirar wancan zamani shi ne babban sakamakonsa. Dangin Vascoceras an same su a Fotugal, da Maroko, da Aljeriya, da Tunisiya, da Masar, da Damargu, da Gongola, har da Burazil da Peru da Meziko. Halittar ruwan gishiri ba ta tsallake tudu, don haka dole akwai hanyar ruwa da ta haɗa tsohuwar tekun Tetis ta arewa, wadda Bahar Rum ragowarta ce, da sabuwar tekun Atlantika ta kudu, ta ratsa inda hamadar Sahara take a yau, ta bi ta gabashin Nijar da yankin Chadi ta sauko Kwarin Binuwai. Reyment yana cikin waɗanda suka daɗe suna kare wannan ra'ayi. Ƙananan halittun cikin lakar sun ƙara haske a kan yanayin wannan hanya, domin a shimfiɗu da yawa jinsunansu kaɗan ne, kuma masu jure wahala ne, abin da ke nuna ruwan da gishirinsa ke raguwa saboda koguna, ko wanda iskar shaƙa ta yi ƙaranci a ƙasansa. Wannan na iya zama dalilin da ya sa gida ɗaya na amonait ya mamaye wurin ya yi ta sauya siffa, tunda masu gasa da shi ba su da yawa.

Kwatanci da Sakkwato yana taimakawa wajen kauce wa wani kuskure da ake yawan yi. Dutsen farar ƙasa na Kalambaina, wanda shi ma ake yin siminti da shi, teku ce ta kwantar da shi, amma ba tekun Ashaka ba ce, kuma ba na Mesozoyik ba ne. Ya kwanta ne bayan babbar halakar da ta auku shekara miliyan 66 da suka wuce, wadda ta shafe amonait gaba ɗaya daga doron duniya, shi ya sa duk yawan bushiyar teku da kawa da ke cikinsa ba za a sami amonait ko ɗaya ba. A ƙarƙashinsa ne, cikin shimfiɗun Dukamaje na ƙarshen Kiritashiyos, ake samun amonait da ƙasusuwan babbar dabbar ruwan nan da aka raɗa wa suna Goronyosaurus saboda Goronyo. Duwatsu biyu suna iya yin kama a ido, su yi kumfa iri ɗaya a ƙarƙashin asid, su ba da siminti iri ɗaya, alhali akwai shekara sama da miliyan 30 a tsakaninsu, kuma halittun cikinsu ne kaɗai ke fallasa hakan ga mai duba da ido.

Saura batun ramin kansa, wanda yake da fuska biyu. Ba don haƙar siminti ba da shimfiɗun Ashaka suna binne har yau, kuma da jayayyar sunaye ba ta warware ba, domin a ƙasa mai lebur irin ta Gongola ba a cika samun bango mai tsawo da ke nuna jeri a tsaye ba sai a gefen rafi, inda damina ke rushe shi kowace shekara. Amma aikin rami shi ne cin bangonsa. Dutsen da aka fasa yau, gobe yana cikin murhun da zafinsa ke kai wa digiri 1,450, kuma bangon da Meister ko Zaborski suka auna ba lallai ne a same shi a inda suka bar shi ba. Wannan ɗabi'ar kowace mahaƙa ce a ko'ina cikin duniya, kuma a ƙasashe da dama maganin da aka samo shi ne a keɓe wani ɗan yanki na bango a bar shi don karatu, bisa yarjejeniya tsakanin masu haƙa da jami'o'i. Ina ganin Ashaka ya cancanci irin wannan, tunda ɗaliban ilimin duwatsu daga jami'o'in Gombe da Bauchi da Maiduguri da Zariya ba su da wani wuri kusa da ya kai shi nuna wannan zango a fili.

Haka nan batun inda ake ajiye samfura. Da yawa daga cikin waɗanda aka kafa sunaye a kansu suna gidajen adana kayan tarihi na Turai, musamman na Landan, kuma mai bincike daga Najeriya da ke son tabbatar da abin da ya tsinta sau da yawa da hoto kawai yake aiki. Gina tari na gida ba ya bukatar kayan aiki masu tsada, amma yana bukatar tsari. Amonait da aka tsinta a cikin tarin ɓaraguzai, ba a san daga wace shimfiɗa ya faɗo ba, ya rasa mafi yawan amfaninsa wajen auna zamani, komai kyansa. Wanda aka ciro daga jikin bango kuwa, aka auna tsayinsa daga wata sananniyar shimfiɗa da ma'auni, aka rubuta lamba a jikinsa da tawadar da ba ta gogewa, aka shigar da lambar da kwanan wata da wurin a littafi, shi ne zai iya shiga cikin jayayyar iyakar Senomaniyan da Turoniyan, ko da rabinsa ya karye. Idan aka haɗa irin wannan tari da ɗibar ƙananan gutsattsarin dutse daga kowace shimfiɗa don awon kabon, daga ƙasan farin dutsen har cikin baƙar lakar da ke kansa, za a iya gwada jerin gadeni zuwa Wrightoceras da na Pueblo kai tsaye, a ga a wace shimfiɗa ta Ashaka shekara miliyan 93.9 ta faɗa.